Saurari Motarka: Yadda Ake Gano Baƙuwar Ƙara Idan An Taka Totur

Tsohuwar mota ba ta rasa surutu. Ƙofa na da nata kukan, kujera na da nata, salansa na da nata, kuma wanda ya shekara biyar ko goma yana tuƙa ta ya haddace su duka har ya daina jin su. Shi ya sa ranar da baƙuwar ƙara ta shigo cikinsu, kunnen mai motar ne ke fara kama ta. Ka fito daga shataletale, ka taka totur za ka wuce wata tirela, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin bonet. Ka ɗaga ƙafa ta ɗauke, ka sake takawa ta dawo.

Haka ta faru da ni da wata Peugeot 504 da na gada a wurin mahaifina, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. A gareji na farko da na kai ta, minti biyu ba a yi ba aka yanke mini hukunci: injin ya buga, sai an sauke. Hankalina ya tashi, na wuce da ita wurin wani dattijon bakanike da mahaifina ke zuwa. Ko bonet bai buɗe ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya zauna a gefena ya ce, "Malam, ja mu je." Da muka hau titi ya ce in saka giya ta huɗu alhali motar ba ta yi gudu ba, in taka totur sosai. Ƙarar ta fito. Ya ce in dawo ta uku in sake takawa. Shiru. Ya juyo ya tambaye ni, "Ina ka sha mai na ƙarshe?" Na ce, "Baba, a jarka na saya bakin hanya." Ya gyaɗa kai ya ce, "Injinka lafiyarsa lau. Mai ne da taimin." Kafin la'asar ya daidaita taimin, aka zubar da ragowar man, kuma ba a kwance ko noti ɗaya na cikin injin ba.

Tun daga ranar na gane cewa rabin gyaran ƙara yana ga wanda ya iya saurare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke biye hanya ce da mai mota zai bi da kansa, mataki-mataki, ya san irin ƙarar da ke damun motarsa, ya san ko za ta jira gobe, kuma ya isa gareji da bayanin da zai hana a yi masa aikin lalube.

Tambayoyi huɗu kafin a taɓa sifana

Ta farko: ƙarar tana bin juyin injin ne ko gudun mota? Wannan ita ce ta raba duniyar gida biyu. Tsayar da motar a fili, ja birkin hannu, sa ta a firi, ka taka totur a hankali har juyin ya kai 2,500 ko 3,000 a minti, idan motar na da agogon juyi. In ƙarar ta fito alhali tayoyi ba sa motsi, to tana ga injin ko abin da ke maƙale da shi: bel, famfon ruwa, altaneto, salansa. In ba ta fito ba, hau titin da babu cunkoso, ka kai gudun da take fitowa, sannan ka taka kuloci ka bar motar ta gangara da kanta. Juyin injin zai sauka, gudun mota na nan. In ƙarar ta ci gaba, ka bar zargin injin, ka koma kan taya, boris, shaf ko giyabos.

Ta biyu: sai an ɗora wa injin nauyi take fitowa? Akwai ƙarar da ba za ka taɓa jin ta a tsaye ba ko da ka taka totur har ƙasa, domin injin da ke juyi a firi ba ya jan komai. Sai a hawan gada, ko an cika motar da mutane da buhuna, ko an kunna AC. Lura da kyau ko tana fitowa ne lokacin da kake takawa, ko lokacin da ka ɗaga ƙafa, ko a daidai ƙiftawar da ke tsakaninsu.

Ta uku: da sanyi ko da zafi? Ƙarar da ke zuwa da asuba ta ɓace bayan minti biyar daban take da wadda ba ta bayyana sai an yi tafiyar rabin awa. Ƙarfe na buɗewa idan ya ɗumi, baƙin mai kuma yana tsinkewa. Saboda haka zafi na rufe wasu ɓarakoki, yana tona asirin wasu.

Ta huɗu: me ya canza kwanan nan? An sha mai a sabon wuri? An yi juyen baƙin mai? An canza fulogi, an wanke injin, an faɗa rami, an ratsa ruwa da damina? Ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa amsar tana cikin abin da aka yi wa motar a makon da ya wuce.

Rubuta amsoshin a takarda. Ka kuma sa wani ya riƙe maka waya ya naɗi ƙarar yayin da kake tuƙi, domin ƙara na da halin ɓuya da zarar an isa gareji.

Duba mai sauƙi tukuna

Da safe, kafin a tada injin, a wuri mai shimfiɗe, zaro sandar awon baƙin mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Shafa ɗigonsa a farar takarda ka kai hasken rana. In ka ga ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cin kansa a ciki. In man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa na shiga cikinsa. Duba ruwan lagireto tun injin na da sanyi. Kada ka kuskura ka buɗe murfinsa da zafi, tafasasshen ruwa zai yi maka tsalle a fuska. Sannan ka bi bel-bel da ido da yatsa, ka duba tsagewa ko sheƙi, ka girgiza tiyon iska da wayoyin fulogi ka ji ko akwai wanda ya saki.

In za ka saurari injin yana aiki, tuɓe babbar riga, naɗe hannun riga, cire agogo da carbi, mace ta ɗaure mayafinta tam. Bel ba ya jira. Fankar lantarki kuma tana iya tashi da kanta ko injin a kashe yake. Kada a bar mota tana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙinta na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kisa.

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani a nan shi ne dogon sukudireba. Ka dafa bakinsa a jikin ƙarfen da kake zargi, ka manna mariƙinsa a ƙashin da ke gaban kunnenka. Ƙarar da ta cika ko'ina sai ta tattaru wuri guda. Na ga dattijon nan yana yin haka, ido a lumshe, yana matsar da bakin sukudireban taƙi-taƙi daga saman injin zuwa gefensa, daga altaneto zuwa famfon ruwa, kamar likita a ƙirjin yaro. Lafiyayyen boris yana ba da sautin shuuu mai laushi. Wanda ya mutu yana gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa. Ga ƙarar iska kuwa, guntun tiyo ya fi: baki ɗaya a kunne, ɗayan kana yawo da shi nesa da bel da fanka.

Ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani

Wannan ita ce ƙarar da ta fi yawa idan an taka totur, ita ce kuma ta tsoratar da ni. Siririya ce, mai sauri, kamar an zuba 'yan tsakuwoyi a gwangwanin madara ana kaɗawa. Tana fitowa idan injin ya yi zafi kuma yana jan nauyi a babbar giya. Ka ɗaga ƙafa ko ka sauko giya ɗaya, ta ɓace. Wanda ya taɓa hawa Hawan Kibo zuwa Jos da tsohuwar mota cike da kaya ya san ta.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan fulogi ya ba da wuta, cakuɗen fetur da iska ya kamata ya ci a tsanake, wutar ta bazu daga bakin fulogi zuwa gefe tana tura fistin ƙasa. In zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewar ce ke dukan bangon silinda, ka ji ta a waje kamar ƙarfe na taɓa ƙarfe. Kaɗan daga cikinta na ɗan lokaci ba ya kashe injin. Amma in aka yi watanni ana tafiya a haka, tana karya ringi, ta ƙona gasket, ta cinye kan fistin.

Abubuwan da ke kawo ta sanannu ne, kuma ga jerin da ya kamata a bi.

Mai. Fetur na da ƙarfin jure matsi da ake aunawa da lambar oktan. Wanda aka gauraya da kananzir ko wani abu, ƙarfin nan nasa ya faɗi. In ƙarar ta fara ne bayan ka sha mai a wurin 'yan bumburutu ko wani gidan mai da ba ka saba ba, bari tankin ya yi ƙasa, ko a zuƙe shi, ka cika da mai daga wurin da ka yarda da shi, ka sake gwadawa. Wannan gwajin ya fi kowanne araha.

Taimin. A motoci masu distiributa, irin su 504 da tsofaffin Golf da Corolla, da hannu ake daidaita lokacin da fulogi ke ba da wuta. Wasu kanikawa kan tura shi gaba don motar ta yi zafin nama. In ya wuce kima, sai ƙarar ta biyo. A daidaita shi da fitilar taimin bisa adadin da kamfanin ya rubuta, kada a tsaya ga kunne kaɗai.

Zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, lagireto da ya toshe ko fankar da ba ta tashi za su sa injin ya fara wannan kukan tun kafin allura ta kai ja. A nan ne ake yin wani kuskure da ya zama ruwan dare: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa nan, yana shan mai fiye da kima, baƙin gawayi na taruwa a kan fistin. Gawayin nan yana rage sararin da cakuɗen ke zama, matsi ya ƙaru, shi kansa kuma yana yin ja kamar garwashi. An gudu daga zafi, an dawo ga ƙarar ta wata hanya.

Ƙarancin mai a cakuɗe. Filtar mai da ta toshe, famfon mai da ya gaji, nozul ko kafireto da suka yi datti, ko iska da ke satar hanya ta tsagaggen tiyo, duk suna sa iska ta rinjayi fetur, wutar ta yi zafi fiye da kima. Fulogin da ba na motar ba shi ma yana jawo ta.

Yawancin motoci masu kwamfuta suna da sensa a jikin injin da aikinta shi ne jin wannan ƙarar, ta sa kwamfutar ta ja taimin baya. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket da ake jona na'urar bincike. Lambar P0325 na nuna matsala a layin wannan sensa, P0171 na nuna iska ta rinjayi mai, P0300 kuma na nuna silinda na tsallake wuta. Lambar tana nuna unguwa ne kawai. Gano gidan sai an bi da hannu.

Dum-dum daga ƙasa

Wannan ce ake tsoro, kuma ta cancanta. Bugu ne mai nauyi, kamar ana daka a turmi a can nesa, yana fitowa daga ƙasan injin kusa da kwanon baƙin mai. Yana bin juyin injin sau da ƙafa, ana jin sa ko a firi, ya fi fitowa idan ka taka totur da sauri ka saki, kuma yana ƙaruwa idan injin ya yi zafi.

Tsakanin kiranshaf da sandunan da ke riƙe fistin akwai wasu siraran ƙarafa masu lanƙwasa da kanikawa ke kira metal. A lafiyayyen injin ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin, shimfiɗar baƙin mai da ba ta kai kaurin gashi ba ce ke raba su. Idan mai ya yi ƙasa, ko ya daɗe ba a juye ba, ko jabu ne, ko famfonsa ya gaji, metal ɗin ya cinye, rata ta buɗe, sandar ta riƙa dukan kiranshaf a kowane juyi. Alamomin da ke raka shi su ne fitilar mai da ke ƙyaftawa a silo idan injin ya yi zafi, da ƙyalƙyalin nan a jikin sandar awo.

Bakanike na tabbatarwa ta hanya biyu. Ya jona agogon auna matsin mai a gurbin sensar mai. Sannan ya kashe silinda ɗaya bayan ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, ta cire wayar nozul, ko wayar fulogi da filaya mai roba. Silindar da aka kashe bugun ya ragu, ita ce mai ciwon.

In wannan ce, kashe motar, a ja ta. Da wuri, aikin na iya tsayawa ga sabon metal da gyaran kiranshaf. In aka matsa, sandar na iya karyewa ta fasa jikin injin ta leƙo waje, daga nan sai neman wani injin a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. Kada ka yarda a zuba maka mai mai kauri ko wani sinadari don ƙarar ta lafa. Rufe bakinta aka yi, ciwon na nan yana ci. Masu sayen tsohuwar mota su ma su kula: in man da ke jikin sandar awo ya yi kauri kamar zuma, a tambayi dalili.

Abubuwa biyu na kwaikwayon wannan bugun. Fistin da ya yi sako-sako a silinda yana ƙwal-ƙwal da sanyi, amma ya yi shiru da ya ɗumi, kuma mota na iya shekaru da shi. A mota otomatik kuwa, farantin da ke haɗa injin da giyabos in ya tsage, ko notinsa ya saki, yana bugu kamar metal. A duba shi kafin a yanke wa injin hukunci.

Tik-tik daga sama, da kwaramniyar sarƙa

Tik-tik mai kama da keken ɗinki, daga ƙarƙashin murfin saman injin, yawanci tafet ne. Kamshaf na juyi sau ɗaya duk juyi biyu na kiranshaf, saboda haka wannan ƙarar tana tafiya a rabin saurin injin. A 504 da Honda da yawa, ana daidaita ratar bawul da hannu da ma'aunin siraran ƙarafa, aikin awa ɗaya ko biyu. A injinan da tafet ɗinsu ke aiki da matsin mai, irin na Golf 3, tik-tik na daƙiƙoƙi kaɗan da asuba ba abin damuwa ba ne. Wanda ya ƙi ɗaukewa yana nufin man ya yi ƙasa, ya yi datti, ko ba kaurin da ya dace ba ne. Kada a matse bawul fiye da kima don neman shiru: bawul mai ɗan surutu ya fi wanda aka matse ya ƙone.

Kwaramniya kamar ana jan sarƙa a kan kwano, daga gaban injin, alamar sarƙar taimin ce ta saki ko abin da ke ɗaure ta ya gaji. Corolla mai injin 1ZZ da Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 sarƙa gare su. Golf 3 mai silinda huɗu da Peugeot 406 bel gare su. Shi bel ɗin taimin sau da yawa ba ya gargaɗi, tsinkewa kawai yake yi, kuma a injina da yawa fistin ya haɗu da bawul ya lanƙwasa su. Kamfanoni da dama sun sa a canza shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000. In ka sayi 'yar Kwatano ba ka san tarihinta ba, canza shi tun yanzu.

Tsuwwa, fito da huci

Ƙiiii mai kaifi da an tada mota, ko an taka totur, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, ko an kunna AC, fambel ne ke zamewa. Fesa masa ɗan ruwa daga nesa. In tsuwwar ta ɗauke na ɗan lokaci, bel ɗin ya tsufa ko fuli ya karkace. In ta ƙaru, ya yi sako-sako. In ruwan bai canza komai ba, nemi boris da sukudireba. Bakanike zai iya cire bel ɗin ya tada injin mai sanyi na ƙasa da minti ɗaya: in ƙarar ta tafi, tana ga ɗaya daga abubuwan da bel ɗin ke juyawa, sai a juya kowanne da hannu. Kada a shafa wa bel sabulu ko baƙin mai. Ɗigon ruwa ko farin busasshen tabo a ƙasan famfon ruwa kuma alama ce ya kusa sallama.

Tas-tas-tas ko fut-fut da ke ƙaruwa idan an taka, mai ƙarfi da sanyi, mai raguwa da zafi, yawanci hayaƙi ne ke tserewa ta gasket ɗin manifol ko ta tsaga. Nemi baƙin tabon hayaƙi a mahaɗar. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyaran tafet a kan wannan. Kada a yi wasa da ita, domin hayaƙin na shiga cikin mota, yara a kujerar baya su fara ciwon kai da gyangyaɗi ba a san dalili ba.

Karkarwa kamar kwanon rufi a iska, wadda ke zuwa a wani juyi guda ta wuce, yawanci farantin kare zafi ne na jikin salansa ya saki, noti ɗaya ko maɗauri ya isa. In ka bubbuga salansa mai sanyi da hannu ka ji kamar tsakuwa a ciki, matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi ce ta farfashe, kuma gutsattsarinta na iya toshe hanya motar ta kasa ja. Fito ko huci daga sama kuwa iska ce. Bi babban tiyon da ke tsakanin filtar iska da injin, ka lanƙwasa shi ka duba cikin ninkinsa. Tsagar da ke wurin tana buɗewa ne idan injin ya karkata lokacin da aka taka totur, kuma ta nan ƙurar hunturu ke shiga ba tacewa.

Idan injin ba shi da laifi

Gwaf guda ɗaya a daidai lokacin da ka taka ko ka ɗaga ƙafa, ka fara duba robobin da injin ke zaune a kansu. Buɗe bonet, wani ya taka birki da ƙarfi ya sa giya ya ɗan taɓa totur, kai kana tsaye a gefe, ba a gaban motar ba. In injin ya yi tsalle, robar ta yanke. Ƙaf-ƙaf-ƙaf idan an karya kwana ana takawa, kan shaf na waje ne. Jijjiga a miƙaƙƙiyar hanya da ke ɗaukewa da an ɗaga ƙafa, kan shaf na ciki ne. Leƙa bayan taya: in robar shaf ta yage, giris ya fantsama, ka sami amsa. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canzawa idan ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu, boris ɗin taya ne. A motoci masu ja da baya, kuka mai tashi idan an taka ya sauka idan an saki yana nuna aksul, a fara da duba mansa. In kuwa injin na ruri amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci ne ke zamewa.

Wacce ake tsayawa, wacce ake lallaɓawa

Kashe mota nan take in ka ji bugu mai nauyi daga ƙasa, ko fitilar mai ta kama, ko allurar zafi ta nufi ja, ko sarƙa na kwaramniya ba ƙaƙƙautawa. Ƙas-ƙas na gwangwani, tsuwwar bel, yoyon hayaƙi da ƙarar shaf za su kai ka gida a hankali, da ƙaramar giya da gilashi a buɗe, amma a gyara su cikin kwanaki. Ɗan tik-tik na asuba da karkarwar faranti za su jira ƙarshen wata. Ko wacce ce, kada ka ɗauki hanyar Sallah da ita kana cewa sai an dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A gareji

Ka je da takardarka da abin da ka naɗa a waya. Maimakon "tana wata irin ƙara," ka ce, "Maigida, sai ta yi zafi take yi, a giya ta huɗu, in ina hawa. A firi ba ta yi. Ta fara ne bayan na sha mai ranar Talata." Bakanike na gari zai ji daɗin wannan, domin ka rage masa aikin yini guda. Ka roƙe shi ku zaga tare har ya ji ta da kunnensa. In ya ce a sauke injin, tambaye shi cikin ladabi me ya auna: matsin mai nawa ya samu, wace silinda ce, me ya gani a cikin man. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin tambaya, zai ma kira ka ya ɗora maka sukudireba a kunne. A fara da mai araha, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, kuma a ba ka tsohon da aka cire ka gani.

Yawancinmu tsohuwar motar nan ita ce ke kai yara makaranta, ita ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, kuma kuɗin wata ba ya kusa. Tana da haƙƙin a saurare ta. Gobe da safe, kafin ka kunna rediyo, sauke gilashi ka yi tafiyar minti biyar shiru, ka riƙe muryarta ta lafiya a kunnenka. Da ita za ka auna duk wata baƙuwar da za ta zo.